Wai Jarumin Tuta Uku: Kafin Ku Ɗora Mana Larry Thorne A Ka



Akwai wani Bature da hotonsa yake yawo a Facebook da TikTok, sanye da koriyar hular nan ta zaratan sojojin Amurka. A ƙarƙashin hoton sai ka ga an rubuta wai "sojan da ya yi yaƙi a ƙarƙashin tuta uku". Matasanmu kuwa sai turawa suke yi, wannan ya ce namijin duniya, wancan ya ce ina ma ni ne. Ni dai ban yarda ba, kuma yau zan faɗi dalilina dalla-dalla. Wanda bai gamsu ba ga filin sharhi nan a ƙasa, amma don Allah ya zo da hujja.

Sunansa na yanka Lauri Torni. An haife shi ran 28 ga Mayu 1919 a garin Viipuri na ƙasar Finland, mahaifinsa kyaftin ɗin jirgin ruwa ne. Ya mutu ran 18 ga Oktoba 1965 a duwatsun Biyetnam, yana da shekara 46, yana amsa sunan Larry Thorne, sojan laima a rundunar musamman ta Amurka. Tsakanin waɗannan ranaku biyu ya sa kakin Finland, ya sa kakin SS na Hitila, ya sa kakin Amurka. Tutoci ukun ke nan da ake mana kirari da su, sai ka ce taurari ne a kafaɗa.

Bari in fara da ba shi haƙƙinsa, don kada wani ya ce hassada ce. Mutumin nan ba matsoraci ba ne ko kaɗan. Ran 30 ga Nuwamba 1939 Tarayyar Sobiyet ta auka wa Finland, ƙaramar ƙasa da mutanenta ba su kai miliyan 4 ba a lokacin. Torni yana ɗan shekara 20 ya yi yaƙi cikin ƙanƙara a kewayen tafkin Ladoga. Bayan kwana 105 aka tilasta wa Finland ta sa hannu ta bar kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙasarta, mutum sama da 400,000 suka kwashe komatsansu suka bar gidajensu. Viipuri, garin da aka binne cibiyarsa, yana cikin abin da aka ƙwace, kuma har gobe yana hannun Rasha da sunan Vyborg. Duk wanda aka yi wa haka dole ya ƙullaci wanda ya yi masa. Ban ga laifin saurayin da ya ɗauki bindiga a 1939 ba. Da a nan labarin ya tsaya, da ni ma na tura hoton.

A zagaye na biyu na yaƙin, daga 1941 zuwa 1944, ya yi suna sosai. An ba shi wata runduna da har ake kiranta da sunansa, aikinta kutsawa bayan layin abokan gaba ta yi ɓarna ta dawo. Masu yabonsa kan ce Sobiyet ta sa kuɗi mai yawa a kansa. Ran 9 ga Yuli 1944 aka ba shi lambar Mannerheim, wadda babu sama da ita a sojan Finland. Duk na yarda da wannan.

To amma sai mu zo kan tuta ta biyu, wadda masu bidiyo suke wucewa da sauri kamar an taka garwashi. A watan Yuni 1941 Torni ya tafi Biyana ya yi makonni bakwai yana karɓar horo a Waffen-SS, aka ba shi muƙamin ƙaramin hafsa, sannan ya koma gida a watan Yuli. Wani zai ce ai lokacin Finland da Jamus suna ɗasawa, kuma ba shi kaɗai ya je ba, 'yan ƙasarsa kusan 1,400 ne suka shiga. Gaskiya ne. Shi kuma bai bi waɗanda aka tura fagen daga a Yukren ba, don haka ba zan ɗora masa abin da hukumar adana tarihi ta Finland ta faɗa a rahotonta na 2019 ba, inda ta ce da wuya a ce 'yan Finland ɗin nan ba su sa hannu a kisan Yahudawa da fararen hula da fursunoni ba. Wannan na ajiye shi gefe. Ƙarata ba a kan 1941 take ba, a kan 1945 take.

Ku lura da kwanakin nan da kyau. A watan Satumba 1944 Finland ta sa hannu a yarjejeniyar tsagaita wuta da Sobiyet, kuma cikin sharuɗɗan akwai korar sojojin Jamus daga ƙasar. Aka shiga yaƙi da Jamusawa a arewacin Finland, Jamusawan suna ja da baya suna ƙona garuruwa, har da Rovaniemi, babban garin yankin. Wato a wannan lokacin Jamus abokiyar gabar Finland ce, sojojinta suna kashe 'yan'uwan Torni. A cikin wannan hali, a watan Janairu 1945, shi wannan bawan Allah ya faki ido ya shiga jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya tafi can karɓar horon zagon ƙasa. Da hanyar dawowa ta toshe sai ya shiga cikin dakarun Jamus ya ci gaba da yaƙi a wajajen Schwerin har gwamnatin Hitila ta rushe. Ya ƙare a sansanin fursunonin yaƙi na Ingila a Lubeck, ya tsere ya koma gida a watan Yuni.

Janairu 1945 fa nake faɗa muku. Tun watan Yulin 1944 aka buɗe sansanin Majdanek duniya ta ga abin da ke ciki. Ran 27 ga wannan Janairun aka buɗe Auschwitz. Babu wanda ya tilasta wa Torni, ba yaro ba ne da aka kamo daga makaranta aka danƙa masa bindiga. Kyaftin ne mai lambar yabo, da ƙafarsa ya je. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi kuwa ya karɓi ladan a lokacin da kowa ya riga ya ga kuturtar.

Kuma ba ni na fara yanke masa hukunci ba, kotun ƙasarsa ce. A Janairu 1947 ta ɗaure shi shekara 6 bisa laifin cin amanar ƙasa. Ya tsere daga kurkuku, aka sake kama shi, sai a Disamba 1948 Shugaba Paasikivi ya yi masa afuwa. Magoya bayansa suna cewa shari'ar siyasa ce, an yi ta ne don a faranta wa Mosko. Na san Finland ta lokacin tana tafiya a kan siraɗi, kuma 'yan gurguzu suna da ƙarfi a 'yan sandan ciki. Amma ku cire Mosko daga maganar ku tambayi kanku: wace ƙasa ce a duniya za ta ga hafsanta ya tsallaka wurin waɗanda take yaƙi da su, ya ɗauki bindigarsu, sannan ta tarbe shi da kalangu? Kotun Nuremberg ma a 1946 ta ayyana SS, har da ɓangarenta na yaƙi, a matsayin ƙungiyar masu laifi, ta keɓe waɗanda aka sa dole.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne baƙar fata ya riƙa yi wa mai wannan kaki kirari. Kun san abin da kakin nan ya yi wa irinmu? A watan Yuni 1940, shekara guda kafin Torni ya je Biyana, sojojin Afirka ta Yamma da ke yi wa Faransa yaƙi suka miƙa wuya a Chasselay da ƙauyukan kusa da birnin Lyon. Sojojin Jamus, cikinsu har da rundunar SS da ake kira Totenkopf, suka riƙa ware baƙaƙe daga farare suna harbe baƙaƙen. Maƙabartarsu tana nan a Chasselay, an yi mata jan gini irin na ƙasar Sudan ta Yamma. A Airaines kuma aka harbe Kyaftin Charles N'Tchoréré, ɗan Gabon, don ya nemi a ɗauke shi a matsayin hafsa kamar sauran hafsoshi. Sannan a Janairun nan na 1945 da Torni yake cikin jirgin Jamus, kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 suna cikin dajin Boma, su ne suka karɓe Myohaung daga hannun Japan, ƙawar Hitila. Da Hausa ake ba da umarni a yawancin bataliyoyin nan. Barikin Myohaung da ke Legas sunan wannan yaƙin ya ci. Nawa ne a cikin masu tura hoton Torni suka taɓa tura hoton tsohon soja ɗaya na Boma daga unguwarsu?

Yanzu ga babbar hujjar masu kare shi. Suna cewa mutumin nan bai taɓa canza sheƙa ba, abokin gabarsa ɗaya ne tun farko har ƙarshe, wato gurguzu, tuta ce kawai take canzawa. Wannan magana tana da daɗin ji, amma ku juya ta ku ga bayanta. Ma'anarta ita ce duk wanda zai ba shi bindiga ya harbi ɗan gurguzu, to ubangidansa ne, ko da Hitila ne. Ƙiyayyar abu ɗaya ta rufe masa ido har ya daina tambayar wa yake yi wa aiki. Mutumin da ya kai wannan matsayi ya zama wuƙa, ita kuwa wuƙa kaifinta ake yabo, ba a taɓa cewa tana da aƙida ba.

In kuna son ku ga cewa akwai wata hanyar, ba sai mun je nesa ba, a cikin rundunarsa ma akwai misali. Wani saurayi mai suna Mauno Koivisto ya yi yaƙi a ƙarƙashin Torni, har da gumurzun Ilomantsi na 1944, yana riƙe da bindiga mai sarrafa kanta. Daji ɗaya suka kwana, abokin gaba ɗaya suka fuskanta. Da yaƙi ya ƙare Koivisto ya ajiye bindiga ya koma Turku ya yi kafinta, ya yi aiki a tashar jiragen ruwa, ya shiga jam'iyyar Social Democrat. A nan tashar ya yi ta fafatawa da 'yan gurguzu a kan wa zai riƙe ƙungiyar leburori. Yana aiki yana karatu har ya yi digirin digirgir a 1956, a kan zamantakewar ma'aikatan tashar ma ya rubuta shi. Ya zama firaminista a 1968, ya riƙe babban bankin ƙasar, ya zama shugaban ƙasa daga 1982 zuwa 1994. Yana kan kujera Tarayyar Sobiyet ta rushe, Finland kuma tana nan da 'yancinta da majalisarta. To a tsakanin su biyun wa ya hana gurguzu cinye Finland? Wanda ya zauna ya sha wahalar taro da ƙuri'a da haƙuri da maƙwabci mai ƙarfi, ko wanda ya bi teku? Amma da yake zaman taron leburori ba ya kyau a bidiyo, babu mai sa wa Koivisto kiɗa.

Sai tuta ta uku. A 1949 Torni ya tsallaka Suwidin. A 1950 ya shiga jirgin ruwa da sunan bogi ya tafi Benezuwela, daga can ya sake shiga wani jirgin dakon kaya. Da suka zo kusa da Mobile a jihar Alabama sai ya faɗa ruwa ya yi iyo ya fita gaɓa. Ba biza, ba takarda, ga tarihin SS, ga hukuncin cin amanar ƙasa a wuyansa. Ya je Brooklyn cikin 'yan ƙasarsa yana aikin kafinta da share-share. A 1953 majalisar dokokin Amurka ta yi doka ta musamman a kansa shi kaɗai ta ba shi izinin zama, kuma ofishin lauyoyin William Donovan, tsohon shugaban hukumar leƙen asirin Amurka ta lokacin yaƙi, shi ya bi masa maganar. A 1954 ya shiga soja a ƙarƙashin dokar Lodge ta 1950, wadda aka yi don jawo baƙi, musamman 'yan gabashin Turai, su sa kaki su sami zama 'yan ƙasa. Ya koma Larry Thorne, ya yi makarantar dira da laima, ya koyar da yaƙin sunƙuru da hawan dutse da tafiya a ƙanƙara, ya zama hafsa a 1957, kyaftin a 1960.

Kai jama'a, ku dubi wannan abu. Yau yaron da ya bi ta Agadas ya ratsa Sahara ya shiga kwalekwale a Libiya, sunansa baƙon haure, kuma in ya nutse adadi ne kawai a labaran rana. Wannan kuwa ya yi iyo ya shiga ƙasar mutane, majalisa ta zauna dominsa. Alabamar da ya fita a gaɓarta, a wannan shekarar baƙaƙen da suka yi wa Amurka yaƙi da Hitila ba sa iya zama a gaban bas, yawancinsu ba sa iya jefa ƙuri'a. Bataliya ta 555, sojojin laima baƙar fata na farko a Amurka, ba a tura su fagen yaƙi ba, kashe gobarar daji aka aika su a Oregon a 1945. Medgar Evers ya yi aikin soja a Faransa, ya dawo Mississippi aka tare shi da bindigogi don ya je zaɓe a 1946, aka harbe shi a ƙofar gidansa a watan Yuni 1963. Shi da Thorne yau maƙabarta ɗaya suke kwance, Arlington. Ɗaya ya yaƙi Hitila ya dawo yana roƙon 'yancinsa a ƙasar haihuwarsa, ɗayan ya yi wa Hitila yaƙi aka ba shi ƙasar a faranti. Amurka ba tausayinsa ta ji ba, buƙatarsa take yi, kuma ta more shi har ƙarshe.

Ya yi aiki a Bad Tolz ta Jamus daga 1958 zuwa 1962. A 1962 yana cikin tawagar da ta hau duwatsun Zagros na Iran ta kai ga wani jirgin Amurka da ya faɗi, bayan wasu sun gwada sun kasa, suka kwaso gawawwaki da kayan sirri. A Nuwamba 1963 aka tura shi Biyetnam, yankin Tinh Bien kusa da iyakar Kambodiya, inda ya ji rauni ya sami lambobin yabo. Ya koma karo na biyu a 1965, aka sa shi a wata runduna ta sirri da ake kira MACV-SOG.

Ranar da ya mutu ita ma tana da labari, kuma shi ma ba a son faɗa. Ran 18 ga Oktoba 1965 jirage masu saukar ungulu suka tashi daga Kham Duc da wata ƙaramar tawaga, za su sauke ta a cikin ƙasar Laos a asirce. Aikin tawagar shi ne ta gano hanyar Ho Chi Minh da ake bi da makamai, ta nuna wa jiragen yaƙi inda za su yi ruwan bama-bamai. Wannan ne karon farko na shirin da aka kira Shining Brass. Laos kuwa ƙasa ce da aka amince a Janiba a 1962 cewa 'yar ba-ruwanmu ce, Amurka ma ta sa hannu. Na san Biyetnam ta Arewa ta riga ta karya wannan yarjejeniya. Amma manomin Laos ba shi ya karya ba, kuma a kansa abin ya sauka. Daga 1964 zuwa 1973 an zuba wa ƙasar sama da tan miliyan 2 na bama-bamai. A ciki akwai ƙananan bama-bamai masu watsuwa kimanin miliyan 270, kowane bai wuce girman lemo ba, kuma kusan miliyan 80 ba su fashe ba. Suna nan a gonaki, yara suna ɗauka a zaton abin wasa ne. Sai a 2016 shugaban Amurka mai ci ya fara taka ƙasar, Obama ke nan, ya yi alkawarin dala miliyan 90 don aikin tone su.

Thorne yana cikin jirgin da ya tsaya yana shawagi har aka tabbatar tawagar ta sauka lafiya. Hadari ya rufe duwatsun, a hanyar dawowa jirgin ya ɓace, kimanin kilomita 40 daga Da Nang. Aka ƙara masa girma zuwa manjo bayan ɓatansa. Sai a 1999 aka gano tarkacen, aka tantance ƙasusuwan a 2003, aka binne su ran 26 ga Yuni na shekarar a Arlington. Su huɗu ne a jirgin, shi da 'yan Biyetnam uku da ke tuƙa shi, kuma kabari ɗaya aka sa su, sunayensu suna kan dutse ɗaya. Mawaƙan Sabaton na Suwidin sun yi wa ɗaya waƙa a 2014, 'yan Finland sun sa ɗaya a lamba ta 52 cikin manyan mutanensu a wata ƙuri'ar talabijin ta 2004. Sauran ukun, da suke tuƙi cikin hadari ɗaya, babu mai bidiyon da ya damu ya karanta sunansu. Shekara 10 bayan mutuwarsa kuma Saigon ta faɗi, an rasa yaƙin da ya mutu a cikinsa.

Me ya sa na ɓata lokacinku a kan Baturen da ya mutu tun kafin a haifi yawancinmu? Saboda cinikin da ya yi har yanzu yana kasuwa: kawo jininka, mu ba ka takarda. A watan Maris 2022 sai da ma'aikatar harkokin wajen Najeriya ta fito ta ce ba za ta lamunci a ɗauki 'yan ƙasar nan sojan haya zuwa Yukren ba, bayan matasa sun fara zuwa ofishin jakadancinsu a Abuja. A Janairu 2024 kuma Putin ya sa hannu a dokar da ta sauƙaƙa ba da takardar zama ɗan Rasha ga baƙon da ya yi kwantiragin shekara guda da sojansu. Kowane ɓangare yana neman wanda zai shiga rami a madadin 'ya'yansa. Saurayin da ya gama makaranta ba aiki, ya kwana yana kallon bidiyon jarumin tuta uku da kiɗa mai tayar da tsikar jiki, shi ne ake nema. Ya sani cewa Torni ya zo da fata irin tasu, da lambar Mannerheim, da lauyoyin Donovan, kuma duk da haka shekara 34 ƙasusuwansa suka yi a kan dutse kafin a je ɗauka. Kai da za ka je da fasfo mai kore da bashin kuɗin jirgi, wa zai je nemanka?

Ban ce a zage shi ba, ya riga ya tafi inda za a yi masa hisabin da ya fi nawa adalci. Abin da na ce shi ne ƙarfin zuciya kaɗai ba ya sa mutum ya zama abin koyi, domin ɗan fashi ma yana da shi. Kafin in kira mutum jarumi sai na tambaya wa ya tsare da jarumtar, kuma a kan wa ya sauke ta. A 1939 amsar Torni tana da kyau. A 1945 ba ta da kyau ko kaɗan, kuma kotun ƙasarsa ta faɗi haka. A 1965 sai ku tambayi mutanen Laos.

Duk wanda zai sake tura hoton nan, ya tura, wayarsa ce da datarsa. Amma ya rubuta tutoci ukun da sunayensu, ya rubuta SS ɓaro-ɓaro a tsakiya, ya sa watan Janairu 1945 a gefe, sannan ya bar masu karatu su yanke hukunci. In kuma jarumi yake nema ya rasa, ya je ya tambayi tsofaffin unguwarsu gidan wa aka taɓa kira gidan ɗan Boma, ya nemi hoton mai gidan ya ɗora.

Allah Ya ba mu ikon bambance tsaba da tsakuwa. Ina jiran masu raddi.